Kafin a Sa Mata Sanfefa: Tsofaffin Jitocin Bes a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

A ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da motocin rake suka fara jerin gwano daga Makarfi, na tsaya a bakin hanyar Zariya zuwa Kano ina jiran a liƙe mini taya. Rana ta kore ni zuwa rumfar wani mai fentin mota da ke kusa. A ciki, tsakanin ƙofar wata tsohuwar Golf da tankin babur, an rataye wani katako da waya a jikin azara. An goge shi tas da sanfefa, an cike ramukansa da foti, ana jiran ya bushe a fesa masa ja. Sai da na matsa na gane gangar jikin jitar bes ce. Wuyanta na jingine a lungu, tsirkiyoyinta huɗu a naɗe cikin leda tare da sukurori. Mai fentin ya ce matasan wata majami'a ne daga wani ƙauye a ƙasar Kudan suka kawo ta, suna so ta fito sabuwa fil kafin Kirsimeti.

Na nemi izini na buɗe ledar. A ciki akwai ɗan farantin ƙarfen nan mai huda huɗu da ke haɗa wuya da jiki, an buga masa rubutu: Steel Adjustable Neck, a ƙasa kuma Made in Japan. Masu bibiyar tsofaffin jitoci sun san wannan faranti. An fi ganinsa a kan kayan masana'antar Matsumoku ta garin Matsumoto, wadda ta yi shekaru tana ƙera teburan keken ɗinki na Singer kafin ta shahara da jita, aka kuma rufe ta a 1987. Ke nan wannan katako da ke lilo a rumfa ya girmi mai fentin, ya girmi duk yaran da suka kawo shi. Sunan da ke goshin wuyan kuwa sanfefa ta riga ta cinye tun da safe. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Gyara suka zo yi, da kuɗin da suka tara ta hanyar karo-karo. Amma a cikin awa biyu an share sunan jitar da launinta na asali, tare da wajen rabin abin da za a iya taya ta a kasuwar duniya.

Yadda ta iso ƙauye

Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi mamakin jin akwai jitar bes a ƙauyukan Ikara. Kiɗan da aka san mu da shi kalangu ne da garaya da goge da gurmi. Waƙoƙin zamani da ake bugawa a sitidiyon Kano da Kaduna kuwa fiyano ɗaya ne, galibi ƙirar Yamaha, ke fitar da muryar kowane kayan kiɗa, har da ta bes, don haka mawaƙin fim ba ya bukatar mai kaɗa tsirkiya. Inda jitar bes ta gaske take numfashi a wannan yanki majami'a ce.

Wannan ma yana da tushe. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905. Bayan 1913, da wasu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka karɓi wa'azinsa, an kafa musu mazauni a Gimi, cikin ƙasar Makarfi ta yanzu, har cutar barci ta zo ta yi wa wurin mummunar ɓarna. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa. Yau Ikara na da dayosis ɗinta na Angilikan, ga ECWA da Baptis da Katolika a warwatse cikin ƙauyukan Hausawa Kirista, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne. Ranar Lahadi mata na kaɗa tulu da caki, matasa kuma na gefe da ganguna da fiyano da bes, janareto na ruri a bayan tagar.

Kayan suna zuwa ta hanyoyi daban-daban. Sababbi ana sayo su a Sabon Garin Zariya ko na Kano, su ma can daga kasuwar Alaba ta Legas ake ɗauko su. Akwai na gwanjo da ke shigowa cikin kwantena daga Turai tare da firji da talabijin. Hanya ta uku ita ce ta fi jan hankalina. Babbar majami'ar birni idan ta sayi sababbin kaya, sai ta miƙa tsofaffin ga ƙaramar ikilisiyar ƙauye, ita kuma bayan shekaru ta miƙa wa wadda ba ta kai ta ba. Tsohon kaya gangarowa yake yi kamar ruwa, ya taru a kwari. Kuma Arewa ta taɓa yin zamanin ƙungiyoyin makaɗa masu jita. Bongos Ikwue ya kafa UniBello Brothers yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. Bala Miller, ɗan gidan wani limamin coci daga Zariya, ya yi tashe da ƙungiyarsa har a talabijin na ƙasa kafin rasuwarsa a 2003. Otal-otal da kulob-kulob na Kaduna da Kano da Jos sun riƙe makaɗa nasu. Kayan wancan zamani ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, hannu zuwa hannu suka bi. Shi ya sa jita mafi tsufa a yankin nan ba a shagon Sabon Gari za a same ta ba. Tana ɗakin ajiya na wata majami'a mai rufin kwano, a bayan tsofaffin bencina.

Kada wannan ya sa kowa mafarkin dukiya. Mafi yawan jitocin da ke hannun matasanmu ƙirar Sin ce ta kwanan nan, masu araha, kuma ko shekara hamsin suka yi ba za su zama zinariya ba. Abin da nake roƙo kawai a duba kafin a goge.

Abin da ake kwaikwayo

Kusan duk jitar bes da mai karatu ya taɓa gani siffar ɗayan biyu ta ɗauko. Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, shi ya fitar da Precision Bass a 1951, kuɗinta a lokacin bai kai dala 200 ba. A 1960 ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya da karkataccen ƙugu. A watan Janairun 1965 ya sayar da kamfaninsa na Fender ga kamfanin CBS a kan dala miliyan 13, kuma wannan wata shi ne iyakar gona a wurin masu tara jitoci: abin da aka ƙera kafinsa farashinsa daban, na bayansa daban. Precision ko Jazz ta kafin 1965 wadda ba a taɓa komai a jikinta ba tana haura dala dubu goma cikin sauƙi, mai launin da ba a yi da yawa ba kuma ta ninka haka.

A shekarun 1970, lokacin da makaɗa ke ƙorafin aikin Fender ya yi sanyi, Japanawa suka shigo da kwaikwayo mai kyau a ƙarƙashin sunayen Greco da Tokai da Aria da Ibanez da Fernandes. A 1977 kamfanin da ya mallaki masana'antar jita ta Gibson ya kai mai rarraba Ibanez a Amurka kotu saboda siffar goshin jita. Fender ita ba ta tsaya jayayya kawai ba. A 1982 ta haɗa kai da Japanawan, masana'antar FujiGen da ke ƙera Greco ta koma ƙera Fender Japan da Squier. Squier na farko-farkon nan, masu lamba da ta fara da JV, yau nemansu ake yi ruwa a jallo.

A nan ya kamata mu raba abu biyu da bakinmu ya saba haɗawa. Kwaikwayo daban, jabu daban. Jitar da ta ɗauki siffar Fender amma ta rubuta Aria a goshinta ba ta yi wa kowa ƙarya ba, kuma mai ita ba shi da abin jin kunya. Jabu ita ce wadda aka liƙa wa sunan da ba nata ba don a yaudari mai saye. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun kama jabun jitocin Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Idan irin wannan kaya na iya kai wa ƙofar Amurka, ina ga kasuwanninmu? Abin takaici, wani lokaci mu da kanmu muke mai da halattacciyar kwaikwayo jabu. A goge sunan Greco na gaske, a je wurin mai sitika a yanko Fender a manna, ana ganin an ɗaga darajarta. An zubar da ita ne.

Inda jita ke ɓoye shekarunta

Sunan goshi shi ne shaida mafi rauni, domin kowa na iya buga shi. Lambar jiki ta fi shi, amma ita ma ba a yanke hukunci da ita kaɗai. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1976 Fender na buga lambar a kan farantin bayan wuya. Daga 1963 zuwa 1965 lambobin sun fara da harafin L, daga ƙarshen 1965 kuma aka ƙara wani babban F a tsakiyar farantin. Daga 1976 lambar ta koma goshi: S na nufin shekarun 1970, E na 1980, N na 1990. Ƙirar Meziko ta fara da M. Sai dai faranti sukurori huɗu ne kawai ke riƙe da shi, ana iya ɗauke shi daga wannan jita a ɗaura wa waccan.

Gaskiyar tana ciki. A sassauta tsirkiyoyi, a kwance sukurorin wuya a hankali, a dubi gindin wuyan. Ma'aikatan Fender na rubuta wata da shekara a nan, da fensir a zamanin farko, da hatimi daga 1962. Sannan a leƙa ramin da wuyan ke zama. Idan an ga katakon hawa-hawa kamar filawud ɗin silin, magana ta ƙare, mai araha ce, domin Fender ta Amurka da tsayayyen katako take aiki. Daga nan a buɗe murfin da maɓallan ƙara murya suke. A bayan kowane maɓalli akwai ɗan gwangwani mai lambobi, kuma duk mai gyaran rediyo a Hunkuyi ko Paki zai iya karanta su idan an gaya masa ma'anarsu. Lambobi uku na farko sunan masana'anta ne: 137 na CTS ne, 304 na Stackpole. Na biye shekara ce da mako. Wanda ya ga 1376612, to an ƙera wannan gwangwani a mako na 12 na 1966, kuma jitar ba za ta girme shi ba sai in canza shi aka yi. Wayoyin ciki ma na magana. Na zamanin farko da zare aka naɗe su, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 aka koma roba. Dalmar da aka liƙa su da ita idan ta dushe ta yi toka-toka, hannu bai taɓa wurin ba. Idan tana ƙyalli, wani ya shiga.

Akwai wata dabara da makanikai za su fi kowa ganewa. Amurkawa da inci suke awo, Japan da Koriya da Sin da milimita. Jitar da ta ce ita 'yar Amurka ce amma duk notinta sai sifanan milimita ke kama su, a yi mata kallo na biyu.

Ba shaida ɗaya ake nema ba. So ake wuya da jiki da maɓallai da faranti su faɗi magana ɗaya. In sun saɓa, to haɗe-haɗe ce, kuma haɗe-haɗe ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye.

Fenti

Mu mutane ne masu son sabuntawa, kuma ina ganin wannan hali mai kyau ne. Kafin salla a yi wa ɗaki sabon yaɓe, amarya ba ta shiga sai an shafa farar ƙasa. Mai garaya idan fatarta ta yage sai ya ɗaura wata, ya sake tsirkiya, ba wanda zai ce garayar ta rage daraja. Marigayi Ɗan Maraya Jos da ɗan ƙaramin kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, darajar a hannunsa take, ba a jikin gwangwanin ba. Da wannan idon matasan Kudan suka kalli jitarsu: ta koɗe, a gyara ta.

Kasuwar tsofaffin jitoci da wani ido take kallo. A can koɗewar ake saye. Fender ta zamanin farko da wani siririn fenti ake fesa ta mai suna naitiro, wanda ke yin rawaya da tsufa, ya yi tsaga-tsaga sirara kamar tsohuwar tangaran, ya goge a inda damtsen makaɗi ke gugarsa. Wajen 1968 aka koma fenti mai kauri irin na roba wanda ba ya tsufa haka. Wannan tsufa ba ya sayuwa a shago, ko da yake tun 1995 Fender da kanta take ƙera sababbin jitoci ta ƙuje su da gangan ta sayar da tsada. Ƙa'idar da dillalai suka daɗe a kanta ita ce, sake fenti na zubar da kusan rabin kuɗin tsohuwar jita, komai kyan aikin. Mai son ya gane ko fentin na asali ne yana iya shiga ɗaki mai duhu da fitilar nan ta duba jabun kuɗi. Tsohon naitiro na yin haske kore-kore, inda aka yi faci kuma sai ya fito baƙi.

Wani abu da ya sa na ƙara ganin girman mai fentin nan na bakin hanya shi ne, kai jita wurin mai fentin mota ba baƙon abu ba ne a tarihinta. Launukan musamman na Fender daga kundin fentin motoci na kamfanin DuPont aka ɗauko su. Fiesta Red launin motar Ford ne na 1956, Lake Placid Blue da Sonic Blue na Cadillac ne. Sana'ar ɗaya ce. Bambancin a nauyin hannu yake. Mai fentin mota ya saba da ƙarfe, yana danna sanfefa mai kaushi, ya shafa foti da kauri. Katako ba ya jure haka. Gefunan jiki da aka zagaye da kyau sai su baje, ramin wuya ya faɗaɗa, wuyan ya koma yana rawa.

Akwai jitar da sake mata fenti alheri ne: wadda wani ya riga ya shafe da fentin ƙofa da buroshi, ko wadda ruwan rufi ya kumbura, ko mai araha da ake so ta yi kyau a gaban jama'a. In za a yi, a cire kowane ƙarfe a ajiye, a tuɓe tsohon fenti da maganin tuɓewa maimakon gurza, a rufe ramin wuya da ramukan waya da takarda don rubutun ciki ya tsira, kada a taɓa goshi. A fesa siriri-siriri sau da yawa, a bar shi makonni ya bushe kafin a goge da sanfefar ruwa mai laushi. Lokaci ma abin dubawa ne. A watan Agusta laima na shiga ƙarƙashin fenti ya yi fari-fari kamar hazo, a tsakiyar hunturu kuma ƙura ce ke zama a kansa. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar iska ya fi, ko a ɗaki rufaffe da aka yayyafa wa ruwa, nesa da wuta, da abin rufe hanci.

Sau da yawa ma ba fenti jitar ke bukata ba. Hunturunmu na tsotse ruwan katako har bakin ƙarafunan wuya su fito suna yankar yatsa, damina ta zo wuyan ya sake lanƙwasa. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don miƙar da shi, kwatan zagaye kawai a lokaci guda, a jira kwana a duba. Makaɗa da yawa sun karya wannan sanda da ƙarfin tsiya, kuma karyewarta ta fi koɗewar fenti muni nesa ba kusa ba. Tsumma mai laushi, sababbin tsirkiyoyi, jaka mai zif, da ƙusa a bango nesa da gara da zafin kwano sun isa su ƙara wa jita shekara ashirin.

Nawa za ta yi?

Farashi na bin asali da shekara da yanayin jiki da ƙarancin irinta, sannan labarin wanda ya riƙe ta. Na ƙarshen nan shi ke haukata kasuwa. A 2020 an yi gwanjon Fender Mustang ta 1969 ta Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones a kan dala 384,000, alhali irinta da ba ta da wannan labari ba ta kai kashi ɗaya cikin hamsin na haka ba. Mawaƙi Paul McCartney, wanda ya zo Legas a 1973 ya naɗi faifai a sitidiyon EMI, ya sayi bes ɗinsa ƙirar Höfner a Hambug a 1961 a kan kusan fam 30. An sace ta a Landan a 1972, aka yi ta cigiya, sai a farkon 2024 aka sanar cewa an same ta a ɗakin saman wani gida a Ingila an mayar masa. Shekara hamsin tana kwance cikin tarkace a hannun mutanen da ba su san abin da suke ajiye da shi ba.

Mai waya a hannu yana iya duba dandalin Reverb, inda ake cinikin kayan kiɗa, amma ya dubi farashin da aka sayar, ba wanda mai kaya ya yanka ba. Ya kuma tuna kuɗin Landan ba kuɗin Sabon Gari ba ne. A nan mai saye kaɗan ne, aika kaya waje na da tsada, kuma katakon fuskar wuyan wasu tsofaffin jitoci, wanda aka samo daga Barazil, yana ƙarƙashin dokar hana fataucin itatuwa masu ƙarewa tun 1992, sai da takarda yake ƙetare iyaka. Mu ma mun ga yadda aka yi wa madobiyarmu a dazukan Taraba, don haka dokar ba abin raini ba ce.

Ni dai da za a tambaye ni, ba zan ce wa kowace ikilisiya ta yi gaggawar sayarwa ba. Idan baƙo ya zo ya ce a ba shi tsohuwar ya kawo sabuwa dal a madadinta, wannan tayin kansa dalili ne na a dakata a bincika. Kuma akwai darajar da Reverb ba ta lissafa ta: wa ya kawo jitar, a wace shekara, wa ya fara kaɗa ta, bukukuwan aure nawa ta raka. Dattawan da suka san amsar suna nan a raye a Gimi da Saulawa da Likoro. Sakataren majami'a zai iya rubuta wannan a takarda ɗaya, ya ɗauki hoton faranti da gindin wuya da lambobin maɓallai, ya ajiye a littafin kaya.

Kafin in bar rumfar na ɗaga katakon na leƙa ramin wuya. Sanfefa ba ta kai can ba. A gefensa akwai sauran launin asali, baƙi a baki yana narkewa zuwa ja da rawaya, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Na ce, Malam, don Allah ko za a bar wannan wurin yadda yake? Ya dube ni, ya dubi ramin, ya ce ai ba wanda zai gan shi in an ɗaura wuya. Na ce shi ya sa. Ya yago tsohuwar jarida, ya cusa a ramin, ya bi gefen da salatif, sannan ya tafi tayar da injin feshi.